Yadda Na Kai Tsohuwa Jan Wata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yar lelenku Kuturu-da-kuɗi, wadda har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana yi wa masu haya faɗa a kan shara. Ni kuma ina nan a kantin magani, tsayuwa daga safe har yamma. Na zaɓi in rubuto maka da hannuna ne domin na san gidan Baffa za su kira ka, kuma gara ka ji daga bakina kafin su shafa wa zancen mai.

Ka dai tuna gem ɗinmu na sararin samaniya, da kumbon da muka yi shekaru muna ginawa a falo. Ka tuna yadda marigayi Baba yake dawowa daga gareji, hannunsa duk baƙin mai, ya jawo kujera ya zauna a bayanmu wai shi ba ruwansa da shirmen yara, kafin wani lokaci kuma ka ji yana cewa a rage wa injin hagu kaya. Shi ya raɗa wa kumbon suna Tsohuwa, sunan akwalar motarsa da ba ta tashi sai an tura. Kuma ba ka manta abin da Kwamanda ɗan gidan Baffa ya yi ba bayan tafiyarka. Ya zo ba na nan, ya lallaɓa Mama ta ara masa na'urar, ya kwashe ajiyarmu ta gem kaf, har da kumbon, ya mayar cikin asusunsa, ya dawo mana da ita wayam kamar an wanke kwano. Da na kira ka ina kuka, ka ce in bar shi saboda zumunci. Na ce to, Yaya, amma wallahi ban bar shi ba. Ajiye abin na yi.

To kashi na biyu na gem ɗin yana tafe, kuma masu shi sun saki ɗan gwaji domin a ɗanɗana kafin ya fito. Mai shagon gem na saman masu gyaran waya ya samu, ya kafa babbar talabijin, ya jera kujerun roba, ya ce duk mai tsohuwar ajiya ya zo ya ɗora. Na tashi daga aiki na biya, ko rigar kanti ban cire ba. Gaskiya sun yi aiki. Taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko, ƙarar inji har a ƙirji kake jin ta. Kafin a fara, mai shagon ya yi bayani dalla-dalla cewa wannan kashin yana tuna duk abin da mutum ya aikata a na farko, kuma abin da ya same ka a gwajin zai bi ka har cikin cikakken gem ɗin, babu komawa baya. Kowa ya ji, ban da mutum ɗaya da ke can gefe yana ɗaukar kansa hoto.

Kwamanda ne ya fara zama, da abokansa a bayansa suna yi masa kirari. Yana ɗora ajiyar sai ga Tsohuwa ta cika talabijin. Yaya, ita ce, ba tantama. Ga lanƙwasar nan a fiffiken dama, inda ka goge ta da dutse ka ce laifina ne. Amma ya shafe ta da jan fenti, ya rubuta mata Aradu a gefe da manyan baƙaƙe. Yana ta cika baki wai shi kaɗai ya haɗa ta, ƙusa bayan ƙusa, wai har barci ya daina saboda ita. Mutumin da ko tayar keke bai taɓa ɗaurawa ba! Da ya hango ni, sai ya ɗaga murya ya ce a ba Auta kujera ta zo ta ga yadda maza ke tuƙi.

Gwajin yana farawa ne da kumbo ya lalace, sai ka zaɓi tashar da za ka je gyara. Ina duba taswirar sai na ga mafi kusa ita ce tashar mahaƙan ma'adinai na jan wata. Ka tuna su. Su ne muka sace wa inji lokacin da iska ta kusa ƙare wa mutanenmu, har Baba ya yi mana faɗa na gaske, ya ce kayan sata ba ya kai mutum gida, kuma mai kaya ba ya mantuwa. Tun ranar ba mu sake bi ta wajen ba. Kwamanda bai san wannan ba, tunda ba shi ya yi tafiyar ba. Ga shi kuma da halinsa na rashin sauraro. Mutum-mutumin nan namu mai kula da inji ya fito yana gargaɗi, amma kafin ya rufe baki Kwamanda ya danna ya wuce, wai surutu ya yi yawa, shi harbi ya zo yi. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Sai ya waiwayo yana dariya, ya tambaye ni ina ya kamata ya nufa, tunda an ce na taɓa riƙe wa yayana wayar na'ura yana buga gem. A nan ne na tsaya. Na san idan na tura shi jan wata, Tsohuwa ta tafi ke nan har abada, ba shi kaɗai zai rasa ta ba, har da mu. Na kalli kumbon, na kalli jan fentin nan, na tuna kujerar Baba. Sai na yi murmushi na ce masa mutanen jan wata mutanen kirki ne, gyara kyauta suke yi.

Yaya, mahaƙan nan ba su ne matalautan da muka bari ba. Sun yi jirage, sun yi bindigogi. Yana shiga suka rufe ƙofar tashar a bayansa. Shugabarsu ta fito a talabijin, wannan karon kuma gem ɗin ya ƙi yarda a danna a wuce. Ta ce fenti ba ya ɓoye ɓarawo, ta ce sun gane injinsu, sannan ta kira kumbon da sunansa na gaskiya. Tsohuwa, ta ce, har shagon ya amsa. Wani mai gyaran waya da ya yi aiki kusa da garejin Baba ya ce ai wannan sunan motar marigayi ne, ya aka yi ya zo nan? Sai idanu suka koma kan Kwamanda. Yana ta danne-danne, gumi na zuba, mahaƙan suna ɓalle Tsohuwa gunduwa-gunduwa har ta kama da wuta. Ya tashi ya ce a sake masa daga farko, mai shago ya ce ai ya yi bayani, wa ya hana shi ji? Abokansa ne suka fara dariyar. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ba zan ɓoye maka ba, da na fito na zauna a matakalar bene na yi kuka har mai sayar da caja ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce masa kusan haka ne. Mama ta ce ramin mugunta a gina shi gajere, matar Baffa kuma ta aiko wai na tozarta ɗanta a bainar jama'a. Idan sun kira ka, kada ka ce in je in ba da haƙuri, domin ba zan je ba. Kai ma ka yi rashi, na sani, kuma ban shawarce ka ba. Amma gara ta ƙone da sunan da Baba ya sa mata da ta yi ta yawo da sunan wani.

Washegari na koma shagon na buɗe sabuwar ajiya. Wanda ba shi da tsohon kumbo ana ba shi zaɓin ɓangaren da zai shiga, ni kuwa na shiga cikin mahaƙan jan wata. Sun ba ni wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Na ji Kwamanda yana rantsuwa zai gina sabo idan gem ɗin ya fito, kuma aikin mahaƙa shi ne farautar irinsa. Ka nemi na'ura a can, Yaya. Ni zan tuƙa, kai ka riƙe bindiga.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka sumbaci Kuturu-da-kuɗi, ka ce mata gwaggonta tana nan tana jiran ta. Mama tana sa muku albarka, Inna ta ƙasan bene da Kawu direba duk suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa da ba ta mantuwa,
Auta