Rigunan da Suka Yi wa Auta Yawa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma raba ki da ciwon gwiwar nan da ya hana ki sakat. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan da rigimarta, har yanzu ba mai taɓa mata rediyo. Baban Auta an mai da shi aikin safe, ita kuma Autar tawa ta shiga aji na gaba, tsawo sai ka ce ana jan ta.

Na san ƙanenmu ya riga ya sanar da ke cewa likita ta duba hoton ƙarshe ta ce ba ta ga komai ba, ciwon dajin bai sake nuna alama ba tun da aka cire mini nonon. Kowa ya yi murna, ni ma na washe baki don kada a ce ban gode wa Allah ba. Amma Yaya, ke kaɗai zan iya gaya wa, tsoro bai sake ni ba. Likitar cewa ta yi in dawo bayan wasu watanni, ba ta ce na gama ba. In kafaɗata ta riƙe saboda zaman keken ɗinki, sai in ce ya dawo. In na yi tari, sai in ce ya shiga huhu. Ina cikin auna ƙirjin mace a shago sai in tsinci hannuna a hammatata ina lalube, baiwar Allah tana tsaye tana jirana.

Da farko kalmasa kawai nake ƙara wa rigunan Auta, yadda ake yi wa yaro mai saurin girma. Daga nan na yanka mata wadda ta fi ta, sannan wadda ta fi wannan. Duk sanda gabana ya faɗi, sai in shimfiɗa yadi, in ƙiyasta yadda kafaɗarta za ta buɗe da inda ƙugunta zai tsaya, in zana da alli in sa almakashi. Wallahi shi kaɗai ke sa numfashina ya daidaita. Haka na yi ta ɗinki har na kai ta budurci, na jera su a ƙasan kantar shago bayan buhun ƙyallaye. Na ce ko ba na nan, 'yata ba za ta sa ɗinkin gaggawa ba.

Kwanaki ta biyo ta shago daga makaranta, tana tonon ƙyallaye ta ci karo da su. Ta zura ɗaya, hannun rigar ya rufe mata yatsu, ta fito tana jan ta a ƙasa tana ƙyaƙyata dariya, wai wace ƙatuwa ce ta kawo ɗinki. Sai ta kai hannu aljihu ta ji shi a hagu. Kin san Auta bahaguwa ce, ita kaɗai nake yi wa haka. Ta koma ta duba sauran ɗaya bayan ɗaya. Ta cire rigar, ta ninke ta da kyau, ta mayar inda ta ɗauko.

Tun ranar ba ta cin abinci sai an yi da gaske. Babanta ya yi ta lallashi kafin ta gaya masa ba ta son ta ƙara girma, domin ranar da rigunan suka yi mata daidai, to Mama ba ta nan ke nan. Da ya faɗa mini bai yi faɗa ba, gara ma a ce ya yi. Cewa kawai ya yi in dubi wuyan yarinyar yadda ya rame. Na zaunar da ita na ce likita ba ta ga komai ba. Ta ce in rantse ciwon ba zai dawo ba. Yaya, na kasa. Reza na ɗauka na farke guda biyu a gabanta, na ce sauran zan aika wa 'ya'yanki. A ranar ta ci abinci, ni ce na kasa haɗiyar komai.

Shi ne ƙunshin da za ki gani tare da takardar nan. Ki raba wa 'yan matanki, su yi haƙuri da aljihun. Amma babbar cikin rigunan, koriya mai aikin hannu a wuya, kada ki ba kowa, kada kuma ki ambace ta in kuna waya da Auta. Ki ajiye a ƙasan akwatinki. In Allah ya ja kwanana, ni da kaina zan zo in karɓa in farke ta. In kuma ba haka ba, ke za ki duba ki ga lokacin da za ta yi wa Auta daidai.

Ki gaishe mini da maigidan, da Goggo, da tagwayenki masu ƙiriniya, da babbar 'yarki takwarata. Inna tana gaishe ku, ba ta san komai a kan wannan ba. Ki sa ni a addu'a, ki fi sa Auta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki