Kurnoyin Bakin Tafki

Asabar, 2 ga Rabi'ul Awwal 1403

An kafa turaku masu jan fenti daga ƙofar mu'askar, sansanin da nake gadi, har bakin tafki. Ɗaya yana jikin bangon ɗakina. Tun da 'yan kashshafa, wato 'yan sikawut, suka daina zuwa kwana na san wani abu na tafe. Lurwanu, wakilin sharika, kamfanin da zai sabunta sansanin, ya ce za a yi babban zaure da ɗakunan kwanan samari. Na ce, ni fa? Ya ce, "Ya ammi, sai lajna ta zauna," wato kwamiti. Bai dube ni ba.

Talata, 5

Abokina Audi ya zo da burodin tamis da dafaffen waken fulu, ya fassara mini maganar, don ɗansa direba ne a baladiyya, hukumar gari. A tsarin gari, gefen ruwan nan fili ne na shaƙatawa, ba a gini a cikinsa. Sharika ta nemi istisna'i, wato a ɗaga mata ƙafa a wannan kusurwa kaɗai. Abin da ya tsayar da lajna kurnoyin nan ne da ke kewaye da ɗakina. In tsiron Allah ne, ba a sare itacen haramin Madina, za a hana istisna'in, kusurwar ta zauna yadda take, har da ɗakin harisi, wato ni maigadi. In dashen mutum ne, sai a sare, a rushe ɗakin.

Wannan babin na karanta shi ina saurayi a halƙar karatu ta Masallaci. Ban taɓa zaton zai zo ya tsaya a ƙofata ba.

Laraba, 6

Ƙirjina. Na kasa kaiwa famfo sai da na zauna a hanya.

Juma'a, 8

Sharifa, 'yar ƙanwata, ta bugo daga Jidda zuwa ofishin mu'askar. "Kawu, halas, ɗakinka a share yake, har mukayyif mai sanyaya ɗaki mijina Usmanu ya sa." Na ce ba na jin zafi. Ta ce, "To tari fa? Wa zai ji in ka faɗi?" Rabin maganarta Larabci.

Ba ta gane ba. Mahaifina da ƙafa ya taso daga Katsina, ya binne 'ya'ya a hanya, don ƙasar maƙabartar Baƙi'a ta rufe shi. Ta rufe shi, ta rufe Innayatu matata. Ni kuma, da ya rage mini kaɗan, a ɗauke ni a mota zuwa bakin teku? Wanda ya mutu a Jidda, a Jidda ake sa shi. Ba mutuwar nake tsoro ba. Wurin.

Lahadi, 10

Za su kira ni shaida, tunda babu wanda ya riga ni zama a nan cikin masu rai. Muhandis, injiniyansu, ya zagaya itatuwan, ya ce ba su cikin layi, sun yi kama da na daji.

Ba su cikin layi ne don Innayatu ba ta yarda da layi ba. Duk inda ta ga damshi sai ta tona da muciya ta sa ƙwallo. Ni na riƙa jido ruwa da garwa, ina masifa. Akuyar wani Badawi ta cinye rabi, ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Ba mu haihu ba.

Ban gaya wa muhandis komai ba. Bai tambaye ni ba.

Litinin, 11

Audi ya ce, "Kai dai tsohon banza ne in ka buɗe baki. Ka ce ba ka tuna. Wa zai zargi mai shekarunka da mantuwa? Jiya ma da takalmi ɗaya nawa ka fita masallaci." Na ce za su sa ni in rantse. Ya ce, "To ka yi musu tarin nan naka har su gaji su sallame ka." Muka yi dariya har tarin ya zo da gaske, ya riƙe ni yana salati.

Da ya tafi na gwada faɗa da ƙarfi: ban tuna ba. Ya fita sumul. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Laraba, 13

An yi ruwa a kan duwatsu, tafkin ya cika har gindin babbar kurna. Na zauna ina lissafi irin na ɗalibai: shiru ƙarya ne? Mantuwar da aka ƙirƙira shaidar zur ce? Na san amsar tun kafin in fara. In kwanta kusa da Manzon Allah da rantsuwar ƙarya a bakina, ko in kwanta nesa da bakina a wanke.

Ya Rabbi, da ka ɗauke ni kafin Litinin ɗin shaida da ka hutar da ni. Astagfirullah.

Litinin, 18

An kai ni a motar Lurwanu. Mutane a bayan tebur, da wani shehi mai farin gemu a gefe. Suka ba ni kujera da shayi.

Shehin ya kira sunana ya ce, "Ya Bature, itatuwan nan ka same su ne, ko dasa su aka yi?"

Na shirya tarin. Wallahi na shirya. Sai na ji ana so in ce matar nan ba ta taɓa durƙusawa a wurin ba. Na ce, "Innayatu 'yar Ibrahim ce ta shuka su. Ni na ba su ruwa." Ya tambayi wace ce, na ce iyalina, tana Baƙi'a. Ya yi mata addu'a, duka suka amsa. Magatakarda ya rubuta.

A hanyar dawowa Lurwanu bai kunna rediyo ba.

Talata, 19

An ba da istisna'in. Bayan wata za a fara. Audi ya zo, ya ajiye fulu, ya ce, "Jaki." Ya zauna har la'asar.

Asabar, 23

Ban amince da Jidda ba. Audi yana nema mini gado a wani ribaɗi, gidan wakafi na marasa galihu, kusa da Harami, amma sun ce a cike suke, kuma akwai matakala. Allah Ya san inda ƙasata take, ba sharika ba, ba Sharifa ba.

Yau na cinye fulun tas, har na suɗe kwano. Sharifa ta sake bugowa, na daɗe a kan waya fiye da yadda na saba. Na tambaye ta ko tagar ɗakin nan arewa take kallo, wajen Madina. Ta ce za ta duba.

Tambaya kawai na yi.