Maficin Mariam a Kan Ƙanƙara

Ruwais, Jidda

Daga mijinki Maman Lawali zuwa ga matata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Matamai lafiya, kin kuma huta gajiyar hanya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Tunda kin ce waya a gidan sai an fita bakin hanya ake samunta, zan riƙa rubutowa ina tura hoton takardar ga ƙaninki Youssouf, shi ya kai miki.

Mu nan lafiya lau. Mariam tana zuwa lakwal, karatu na tafiya, kuma ta koyi dafa shinkafa, sai dai gishirinta ya fi naki yawa. Idan na taso daga aiki a Madinar Masana'antu nakan ɗauke ta mu wuce filin ƙanƙara. Yanzu na gane wahalar da kike sha. Waje zafi kamar a bakin murhu, ciki kuwa sai na sa rigar sanyi ina zaune ina kallon yara suna zamiya.

An sa sunanta a gasar wata mai zuwa, a rukunin da aka yarda yaro ya riƙe wani abu a hannu yana wasa da shi. Wata ta zaɓi lema, wata hula. Ita kuwa maficin nan na kaba da kika ɗinka wa shuɗɗan duwatsu a baki ta ɗauka. Mudarriba, wato mai koya musu, ta jujjuya shi, ta ja duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ga ɗinkin da ƙarfi, ta amince. Idan Mariam ta ɗaga shi tana juyi, hasken fitila yakan faɗa kan duwatsun har su yi walƙiya. Ƙawarta Layan, 'yar gidan Raed, ta ce babu mai abu mai kyau irinsa. Da kin ga yadda 'yarki take tafiya tun daga ranar.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Naki,
Maman Lawali

Ruwais, Jidda

Hadiyya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da Youssouf ya ce Inna ta fara shan kunu da kanta. Allah Ya ci gaba da ba ta lafiya. Ke ma ki riƙa cin abinci, na san halinki idan kina jinya.

Na ɗan jinkirta rubutu don ban san ta inda zan fara ba. Kafin komai, Mariam lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Ranar Talata suna gwaji, Mariam ta gama nata ta fito, sai Layan ta shiga. Tana cikin gudu da baya za ta yi tsalle, ƙafarta ta tsaya cak kamar an riƙe ta, ta faɗi a kan hannu. Daga inda nake zaune na ji ƙarar. Mudarriba ta tsayar da kowa, aka fitar da yarinyar, sannan ta koma ta durƙusa a wurin tana laluba da tafin hannu. Ta taso da abu ɗan ƙanƙani, bai kai ƙwayar wake ba. Shuɗin dutse ne, Hadiyya. Mariam ta dubi maficin, ta ga gurbin dutsen.

Ki saurare ni da kyau, ba laifin ɗinkinki ba ne. Mudarriba da bakinta ta ce ita ta duba ta amince, kuma zare yakan ci idan ana bugun abu da iska kullum, ga laima, ga gogar riga. Ni dai ban taɓa sanin ƙarfen da ke ƙasan takalmin zamiyar nan ko gashin tsuntsu ya taka zai iya kayar da mutum ba.

A likita sun ce ƙashin wuyan hannun Layan ya tsage. An sa mata filasta, gasar bana ta wuce ta, bayan ta shekara tana shiri. Washegari na sayi dabino da lemo na tafi gidansu. Raed ya karɓe ni a falo, ya ba ni gahawa, ya ce ƙaddara ce, halas, wato shi ke nan. Amma fuskarsa a ɗaure take, kuma ban ga laifinsa ba. Mahaifiyar Layan ba ta fito ba, ko sallamar da na aika ba a dawo mini da amsarta ba.

Mariam ta jefa maficin saman kwaba. Ta ce ta bar ƙanƙara har abada. Ta aika wa Layan saƙo sau da yawa, shiru. Kin san idan ranta ya ɓaci Hausar takan gudu, sai Larabci, to yanzu Larabcin ma babu. Mudarriba ta ce ko dai ta yi wasa hannu wofi, ko a cire duk abin da zai iya faɗuwa daga maficin. Ban taɓa shi ba, aikin hannunki ne. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Naki,
Maman Lawali

Ruwais, Jidda

Uwargida Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Inna da naki. Amsarki ta iso. Na lura tawadar ta jiƙe a wuri ɗaya, kuma ba zan yarda ruwan sama ne ba.

Na karanta wa Mariam inda kika ce ta cire duwatsun da hannunta, ba ni ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na same ta a tsakar ɗaki da reza tana yanke zaren a hankali. Da ta gama muka kai wa Jabiru tela a unguwar Sa'alaba, ya naɗe bakin maficin da shuɗin ƙyalle don kada kaba ta zube, ya ɗinka madauri a mariƙin wanda za ta zura hannu a ciki.

Mudarriba ta kafa sabuwar doka ga kowa. Kafin yaro ya shiga da abu, sai an shimfiɗa farin zane an kakkaɓe shi a kai da ƙarfi. Ko zare ɗaya ya faɗo, ba zai shiga ba. Lemar wata yarinya ma ta faɗi wannan jarrabawa. Idan mai abu a hannu ya fito, sai an zagaya filin an duba kafin wani ya shiga.

Mariam ta koma, amma a tsorace take wasa, tana manne maficin a fuska. Ranar Lahadi sai ga Layan da filastarta, babanta ya kawo ta. Ta zauna nesa da mu ba ta gaida kowa ba. Ta daɗe tana kallo, can ta miƙe ta je bakin shinge ta ɗaga murya ta ce wa Mariam ta sauke abin daga idonta, ta yaya za ta ga wanda ke gabanta, so take ta sake karya wani? Mariam ta tsaya ta dube ta, ta sauke maficin zuwa ƙirji. Layan ta ce mata yalla, maza ta sake daga farko. Har muka tashi tana ba ta umarni kamar ita ce mudarribar. A mota Mariam ta ce yunwa take ji.

Ki yi mana addu'a, gasar ta matso.

Naki,
Maman Lawali

Ruwais, Jidda

Hadiyya tawa,

Sallama da fatan alheri. Alhamdu lillahi da labarin Inna ta fara takawa zuwa zaure. Ki ce mata surukinta yana gaishe ta da kyau.

An yi gasa. Mariam ba ta ci ba, ta biyar ta zo. Bari in faɗa miki dalili.

Ta fara da kyau ƙwarai. Da ta iso babban juyin nan da take ɗaga maficin sama, wanda alƙalai suka fi ba maki, sai na ga ta rungume shi a ƙirji da hannu biyu, ta yi juyin haka nan ba ado. Raina ya ɗan sosu, na ɗauka tsoro ne ya dawo. Da kiɗa ya tsaya kuma, kafin ta rusuna wa jama'a, sai ta zagaya filin a hankali kanta a sunkuye. Wasu suka yi dariya, sun ɗauka ɗan kunne ta yar.

Da ta fito ta nuna mini. Ɗinkin madaurin ne ya fara saki a gefe ɗaya, ta ji shi a wuyan hannunta tana tsakiyar wasa. Ta ce da ta ɗaga, wataƙila ya riƙe, wataƙila ya tashi, kuma akwai yara a bayanta da ba su shiga ba tukuna. Na gyara mata rigar sanyi.

Muna cikin haka wata mata ta ratso mutane ta tsaya a gabanmu, Layan na biye da ita. Ban taɓa ganinta ba, amma na gane mahaifiyar Layan ce. Ba ta dube ni ba. Ta miƙa hannu, Mariam ta ba ta maficin. Ta ja bakin ƙyallen da ƙarfi, ta juya shi, ta ga inda madaurin ya saki, ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta mayar mata, ta dafa kanta, ta ce idan ta yi magana da mamarta ta gaishe ta, ta kuma yi wa kakarta sannu da jiki.

To, ga saƙon na isar. Idan Inna ta ƙara ƙarfi ki dawo mana, gidan ya yi mana faɗi.

Mijinki mai kewarki,
Maman Lawali