Babur ɗin Malam Bala

Daren Laraba, Ƙaura

Yau na shiga ofishin Malam Bala, malamin ba da shawara na makarantarmu, kuma wallahi ba zan sake taka ƙofar nan ba. Gwaggo ce ta matsa mini in je, tunda ko abincin kirki ba na ci.

Na faɗa masa komai. Na ce tun ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu a kan babura suka tafi da Baba, da na ji ƙarar babur sai jikina ya hau rawa, numfashina ya ɗauke. Ina magana yana latsa wayarsa. Da na gama sai ya ce, "Ke Hauwa'u, ba ke kaɗai ba ce. Ki yi haƙuri, ki yawaita addu'a, ki maida hankali kan jarrabawa." Ya rubuta sunana a littafi, ya sallame ni.

Shi ne zai koya mini addu'a? Ni da goshina ya yi baƙi saboda Baba?

Ko awa ɗaya ba a yi ba, muna darasin lissafi, ya fito zai tafi gida. A gindin tagar ajinmu yake ajiye babur ɗinsa. Ya tayar da shi, ya dinga murza masa wuta. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin benci ba. Aji ya kwashe da dariya.

Ya leƙo ta taga, ya gan ni, ya ce, "Au, har yanzu ba ki daina ba?"

Allah ya isa.