Ƙullin Irin Inna

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Likita ya ce za a yi wa Inna aikin yanar ido ranar Talata ta sama, a Kano. Na hagu ya riga ya tafi, na daman za a gwada. "Gwadawa" fa ya ce. Ni dillalin awaki ne, na saba da masu ɓoye aibin haja. Wannan bai ɓoye ba, shi ya fi tsorata ni.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na tsara komai. Hadi direba zai ɗauke mu daga Getso, gidan gaba na Inna ita kaɗai. Kwana gidan Bappa. Fura daga gida, ba ta tasha ba. Matata Mansura ta ce, "Maigida, saura ka tsara wa likitan hannunsa." Ban yi dariya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na tarar da Inna a gindin rumbu, tana kai wake dab da idonta, tana ƙulle iri a tsummoki. Fari ƙulli ɗaya, ja biyu. Ta ce damina ba za ta jira ido ba. Yatsa bai san ja da fari ba, amma ya san ƙulli. Na hau faɗa, na ce ta daina yi wa kanta mugun fata. Ta ce, "Kai wannan," (ɗan fari ne ni, ba ta kama sunana) "ka shirya tafiya, ni na shirya dawowa."

Talata, 15 ga Afrilu
Motar Hadi ta mutu a hanya, furar ta zube. An dai yi aikin.

Alhamis, 17 ga Afrilu
An cire audugar. Tana ganin haske, wai kamar ta cikin ruwan koko. Likita ya ce a jira. Jira kuma ba a tsara shi.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Hadari ya fara leƙowa ta gabas. Na shiga rumbu, na rufe ido, na laluba. Ɗaya fari, biyu ja. Daidai! Dawa kaura ce Inna ba ta kai ga ƙullewa ba, na yi wa dawar ƙulli uku, na kai mata. Ta shafa, ta ce, "Ƙullin dillali, sako-sako." Ta ɗora yatsunta kan nawa muka ƙara ɗaure shi, kuma ba ta saki hannun da wuri ba.
Ban je kasuwa ba yau. Da ma kasuwar ba ta ci sosai kwanan nan.