Zayyanar Zauren Hindawiyya

Zuwa ga Kawu Ilyasu, sarkin alƙalami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar taka?

Cikin alhini nake sanar da fadarka cewa zayyanar da ka zana a bangon zaurenmu na unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, ta riga mu gidan gaskiya. Mai gidan ya ce ba zai sabunta mana ijara ba, wato haya, sai an yi farin fenti. Baba ya roƙi alfarma kada buroshi ya hau ayoyi. Da hannunsa ya wanke su kamar allo, dattawa suka raba ruwan a kwalabe.

A ƙarƙashin zayyanar nan aka raɗa mini suna, kuma ba mai iya ɗaga murya a gabanta. Jiya maƙwabta biyu suka zo sulhu, suka ƙare da cacar baki har titi, bangon bai ce uffan ba.

Ka taimaka ka zo Umara da tawadarka. Baba ba zai roƙe ka ba, amma har yanzu bangon yake fuskanta in ya zauna.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka mai zaman makoki,
Mustafa