Tabarmar Inna Ta Kai Gindin Talabijin

Assalamu alaikum Yaya Kabiru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Na rubuto a nan ne saboda na ga ka fi leƙa shafin nan a kan ɗaga wayata.

Saƙonka ya iso. Ka ce kwamfuta ce, na buɗe kwali na ga abu kamar tafin hannu, tsirara, ko riga babu. Ka ce idan an haɗa ta da talabijin Inna za ta gan ka da girma, tunda yanar ido ta hana ta ganin fuska a waya. Sauran kayan kuwa ka bar ni da su.

Na sha yawo, Yaya. Memori da kibod da maus a Ƙofar Guga na samu. Kebul ɗin talabijin sai da na koma aka canza mini, bakinsa ya yi wa ramin girma. Na sa mata cajar wayata, tana tashi tana mutuwa kamar fitilar da mai ya ƙare, sai da na nemo caja mai ƙarfi. Kyamara kuma wani mai gyara a Kambarawa ya samo mini.

Ka san Inna da lulluɓe kaya. Ta saƙa mata ƙyalle irin na kan rediyon Baba, ta rufe ta ruf. Na dawo na tarar ta ɗau zafi ta mutu. Inna ta ce, "Kayan Kabiru ne, ba ni barin shi a buɗe." Dole na sayo mata gida mai 'yar fanka, sannan aka sasanta.

Yanzu komai na aiki. Na sa hotonka a kan allon. Kullum da hantsi Inna na yafa mayafinta na fita, ta shafa turare, ta zauna gabansa. Da farko daga bakin ƙofa take gane ka. Daga baya sai da ta matso tsakiyar ɗaki. Jiya tabarmarta ta taɓa ƙafar tebur, babu sauran wurin matsawa.

Ina kewarka, Yaya, amma ni zan iya jira. Idonta ne ba zai jira ba. Ka kira, ko da kayan aiki a jikinka.

Allah Ya tsare ka, Ya sa ta gan ka tun tana gani.

Ƙanwarka,
Hadiza